Hildegard ta Bingen, Mai Magani da Waƙa

A ƙasar Jamus akwai wani babban kogi wanda ake kira Rayin. Ya taso daga duwatsun Suwizalan, ya ratsa Jamus, ya faɗa teku a ƙasar Holan. A bakinsa akwai wani gari ana ce da shi Bingen, tsaunuka sun kewaye shi, an cika gangarensu da gonakin inabi. Garin ba shi da wani girma, amma sunansa ya kai ƙasashe masu nisa, saboda wata mace da ta zauna kusa da shi fiye da shekara 800 da suka wuce. Sunanta Hildegard. Ta yi jiyyar marasa lafiya, ta rubuta littattafan magani, ta kuma tsara waƙoƙin ibada waɗanda har yau ana rera su.

An haife ta cikin shekara ta 1098, a yankin nan na kogin Rayin. Sunan ubanta Hildebert, uwarta kuwa Mektild. Mutane ne masu asali, suna da gonaki da barori. An ce ita ce ta goma cikin 'ya'yansu, saboda haka suka yi niyyar ba da ita ga bautar Allah, kamar yadda manomi ke fid da ushiri daga amfanin gonarsa. Tun tana ƙarama ba ta da ƙoshin lafiya. Yau ciwo, gobe sauƙi, wani lokaci ko tafiya ba ta iyawa. Ban da wannan kuma, ta ce takan ga wani haske mai ƙarfi, da siffofi iri iri a cikinsa, alhali idonta biyu, ba barci take yi ba. Da fari tana tsammani kowa ma haka yake gani. Ran nan ta tambayi mai renonta, ita kuwa ta ce ba ta ga kome ba. Daga nan yarinya ta ji tsoro, ta kama bakinta, ta yi shekaru da yawa ba ta gaya wa kowa sai mutum ɗaya ko biyu. Waɗansu likitoci na zamanin baya da suka karanta bayaninta sun ce alamun sun yi kama da na ciwon ɓarin kai, wanda yakan sa mutum ya ga walƙiya a idonsa. Ita dai har ta mutu ta riƙe cewa daga Allah ne.

A zamanin nan, a ƙasashen Kirista na Turai, akwai mutane da ke barin aure da dukiya, su taru a gida ɗaya, su ƙare ransu cikin addu'a da aiki. Ana kiransu masu zuhudu, maza da gidajensu, mata da nasu. Matan su ne irin waɗanda a yau ake ce wa sista. Sa'ad da Hildegard ta kai wajen shekara takwas, sai iyayenta suka damƙa ta a hannun wata budurwa, 'yar wani basarake, sunanta Yutta, wadda ta ɗauki wannan hanya. Yutta ba ta girme ta da yawa ba, shekara shida ce kawai tsakaninsu. Ran 1 ga Nuwamba, 1112, aka kai su wani gidan zuhudu na maza da ke bisa wani tudu, ana kiransa Disibodenberg, watau Dutsen Disibod. Aka ba su wani ɗan sashe a jikin gidan, suka shiga, da niyyar ba za su sake fita duniya ba.

A nan ne Hildegard ta fara sanin waƙa. Gidan yana bin ƙa'idar wani waliyyinsu da ake kira Benedik, wanda ya zauna a Italiya shekaru ɗari shida kafin wannan lokaci. Bisa ga ƙa'idar, masu zuhudu sukan taru su rera addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, har su sauke Zabura duka, sura 150, cikin kowane mako. To, yarinyar da ta tashi tana jin wannan rerawa dare da rana, rani da damina, ba abin mamaki ba ne waƙa ta zauna mata a kunne. Yutta ta koya mata karatun Zabura da harshen Latin, wanda shi ne harshen ilmi da ibada a Turai a lokacin, ta kuma koya mata kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya goma. Wani malami daga cikin mazan gidan, sunansa Folmar, shi ya ƙara mata karatu. Wannan mutum ya zama amininta kuma magatakardanta har ya rasu cikin 1173.

Ƙa'idar Benedik ta kuma yi umurni a sa kula da marasa lafiya gaba da kome. Saboda haka gidajen zuhudu sukan keɓe ɗakin jiyya, su kuma yi lambu inda ake shuka ganyayen magani. Ku tuna, a lokacin babu asibiti irin na yanzu, babu allura, ba wanda ya san ƙwayoyin cuta. Talaka in ciwo ya kama shi, ko matafiyi in ya faɗi a hanya, sau da yawa ƙofar gidan zuhudu ake nufa da shi. Cikin irin wannan gida Hildegard ta girma, ga ta kuma ita kanta mai yawan kwanciya ce. Ta san abin da majiyyaci ke ji, domin ta daɗe bisa shimfiɗar ciwo.

Yutta mace ce mai tsananta wa kanta ƙwarai. Takan yi azumi har ta rame, takan ƙi cin abin da aka halatta wa mara lafiya. Ta rasu cikin Disamba, 1136, tana da shekara 44 kacal. Da aka zo yi mata wanka sai aka tarar da sarƙar ƙarfe ɗaure a jikinta, har ta ci naman. Hildegard tana ƙaunar malamarta, amma ba ta bi ta cikin wannan ba. Duk tsawon ranta ta riƙa yi wa masu ibada gargaɗi su yi kome bisa gwargwado, ci da sha da azumi da barci, don a ganinta wanda ya karya jikinsa ya karya abin da zai yi bautar da shi. Kafin rasuwar Yutta 'yan mata da dama sun zo sun shiga sashen nan, har ya zama ƙaramin gidan zuhudu na mata. Su ne suka taru suka zaɓi Hildegard ta zama shugabarsu, tana da shekara 38.

Ana nan, cikin 1141, sai ta ce ta ji an umurce ta ta rubuta abin da take gani. Ta ji nauyin abin, ta yi ta ja da baya, gama mace ce, ba ta kuwa yi karatun manyan makarantu ba. Sai ciwo ya kwantar da ita. Da ta gaya wa Folmar, ya ƙarfafa ta, ta soma rubutu, ta ce nan take ta ji ƙarfi ya komo mata. Takan rubuta bisa allon da aka shafe da kakin zuma, da ɗan tsinke mai tsini, sa'an nan Folmar ya gyara nahawun, a kwafe bisa fata, a shafe allon a sake. Ta yi shekara goma kafin ta gama littafin farko, wanda ta sa wa suna Scivias, ma'anarsa a san hanyoyin Ubangiji. Tun ba ta gama ba labarinsa ya kai kunnen Paparoma Yujin na Uku, wanda ya zo taro a birnin Trier na Jamus tsakanin ƙarshen 1147 da farkon 1148. Ya aika aka karɓo masa abin da aka riga aka rubuta, ya karanta wa manyan malaman da ke wurin, suka yaba. Daga ran nan sunan Hildegard ya fara bazuwa.

Da suna ya bazu sai jama'a ta ƙaru, wuri ya yi wa matan kaɗan. Hildegard ta ce za ta tashi da su, ta gina gida nasu na kansu bisa wani tudu kusa da Bingen, inda kogin Nahe ya haɗu da Rayin, ana kiransa Dutsen Rupert. Shugaban mazan, wani mai suna Kuno, ya ce faufau. Dalilinsa ba boyayye ba ne. Baƙi suna zuwa saboda ita, iyayen 'yan matan kuma sun ba gidan gonaki da dukiya, in ta tafi duk wannan zai bi ta. Hildegard ta sake kwantawa, ko motsi ba ta yi. An ce Kuno da kansa ya zo ya gwada ɗaga ta, ya kasa, sa'an nan ya sakar mata. Babban limamin birnin Mainz, wanda yankin ke ƙarƙashinsa, ya goyi bayanta. Wajen 1150 ta tashi, ita da mata kamar ashirin, suka yi tafiyar wajen mil 20 zuwa sabon wurin.

Abin da suka tarar bai yi daɗi ba. Kango ne, ba ɗakunan kirki, ba isasshen abinci. Matan nan kuwa 'ya'yan manya ne, ba su saba da wahala ba. Waɗansu suka yi ta gunaguni, waɗansu suka bar ta. Wadda tafiyarta ta fi yi mata zafi ita ce Rikardis, wata budurwa da ta taimake ta rubuta littafinta, wadda take ƙauna kamar 'yar cikinta. Dangin Rikardis suka samo mata shugabancin wani gida can arewacin Jamus. Hildegard ta yi ta rubuta wasiƙu, har zuwa ga Paparoma, tana roƙo a bar mata ita, ba a bari ba. Rikardis ta tafi cikin 1151, ta rasu shekara ta gaba. Duk da haka Hildegard ba ta karaya ba. Ta koma Dutsen Disibod, ta yi ta jayayya da mazan har suka saki gonakin 'yan matanta. Sannu a hankali gida ya ginu. Wani malami da ya zauna a can wajen ƙarshen ranta ya ba da labari cewa mata kamar hamsin ke ciki, an kuma jawo ruwa ta bututu zuwa ɗakunan aiki, abin da ba a cika gani ba a zamanin.

A wannan gida ne, cikin shekarun 1150, ta rubuta abin da ta sani na magani. Rubutun ya iso mu cikin littafi biyu. Na farko ana kiransa Physica, an kasa shi kashi tara. Ya yi bayanin tsire-tsire fiye da 200, da itatuwa, da duwatsu masu daraja, da kifaye, da tsuntsaye, da dabbobi, da masu jan ciki, da ƙarafa, da ƙasa da ruwa da iska. Kowane abu ta faɗi ko mai zafi ne ko mai sanyi, ko yana da amfani ga mutum, da yadda za a haɗa shi. Inda ba ta san sunan ganye da Latin ba sai ta rubuta shi da Jamusanci, kamar yadda manoma ke faɗi. Ta yi bayanin kogunan ƙasarta, wane ne ruwansa ke da kyau ga sha da dahuwa, wane ne ba shi da kyau, da irin kifin da ke cikinsu. Wanda ya karanta wannan sashe ya san mai rubutun ta duba da idonta, ta kuma tambayi masunta.

Cikin hatsi duka ta fi yabon wata irin alkama da Jamusawa ke kira dinkel, ta ce tana gyara jini, tana faranta rai. Ta ce tafarnuwa ta fi amfani ɗanya, amma kada a ci da yawa. Ta yabi wata saiwa 'yar'uwar citta, wadda fatake ke kawowa daga gabas, don ciwon zuciya. Ta kuma koyar da a daka gyaɗar ƙamshi da kirfa da ɗan kanumfari, a kwaɓa da gari, a toya 'yan ƙananan waina, a riƙa ba mai baƙin ciki. Littafi na biyu, Causae et Curae, watau sanadin cututtuka da magungunansu, ya yi magana a kan jikin mutum, da barci, da narkewar abinci, da haihuwa, da cututtukan mata. Malaman zamanin maza ne kusan dukansu, ba su cika kula da sha'anin mata ba. Ita kuwa ta yi bayaninsa filla-filla, ba ta ɓoye kome ba.

Kada fa a ɗauka duk abin da ta rubuta daidai ne. Ta bi ra'ayin likitocin Yunanawa na dā, wanda malaman Larabawa ma suka bi, cewa lafiya tana tsaye bisa daidaiton zafi da sanyi da laima da bushewa, ciwo kuwa rinjayen ɗayansu ne. Saboda haka ta yi bayanin tsaga da ƙaho don fid da mugun jini, har da kwanakin wata da suka dace da yin su. Ta gaskata cewa duwatsu masu daraja suna warkarwa. Ta ma rubuta maganin kuturta da hantar wata dabba mai ƙaho ɗaya a goshi, mai kama da doki, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba sai a tatsuniya. Likitan yau ba zai yi aiki da irin waɗannan ba. Amma akwai abin da ta gane wanda bai tsufa ba. Ta ce a duba abin da majiyyaci ke ci, da yadda yake barci, da ruwan da yake sha, da abin da ke damun zuciyarsa, domin fushi da baƙin ciki sukan jawo ciwo. Tana da wata kalma da take yawan faɗi, viriditas, watau ɗanyantakar ganye. Kun ga yadda ƙasa kan yi kore shar bayan ruwan fari? To, ta ce irin wannan ƙarfi Allah ya sa a jikin mutum, aikin mai jiyya kuwa kamar na mai lambu ne, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, ya bar tsiron ya tashi da kansa. Mutane suka riƙa zuwa ƙofarta daga Jamus da Faransa, waɗansu don magani, waɗansu don shawara, waɗanda ba su iya zuwa ba suka aiko da wasiƙa.

Duk wannan aiki bai hana ta waƙa ba. Ta tsara waƙoƙin ibada fiye da 70, kalmomin nata, karin ma nata, domin matan gidanta su rera. Ta ce ba wanda ya taɓa koya mata ƙa'idodin tsara waƙa. Waƙoƙin coci na zamanin yawanci a natse suke, murya ba ta hawa da yawa, ba ta sauka da yawa. Nata kuwa sukan fara daga ƙasa, su yi tsalle su hau can sama, su daɗe suna yawo bisa gaɓa guda kafin su sauko. Sai mai dogon numfashi ke iya su. Yawancin waƙoƙin wancan zamani ba a san waɗanda suka tsara su ba, amma nata an rubuta su da sunanta, da alamomin da ke nuna hawa da saukar murya, shi ya sa mawaƙan yau ke iya karanta su.

Ta kuma shirya wani wasan kwaikwayo na waƙa, Ordo Virtutum. A cikinsa ran ɗan Adam ne ya fito kamar mace. Halaye na gari, irin su Tawali'u da Ƙauna da Haƙuri da Biyayya da Jinƙai, suna kiranta, Shaiɗan kuma yana ruɗinta. Ta bi shi, ta sha wuya, ta komo da raunuka, halayen nan suka karɓe ta, suka ɗaure Shaiɗan. Kowa cikin wasan yana rera maganarsa, sai Shaiɗan kaɗai. Shi ba a ba shi kari ba, sai ihu da tsawa, domin a ganin Hildegard ba shi da rabo cikin waƙa.

Tana da nata aibi. Ba ta karɓar kowa a gidanta sai 'ya'yan masu asali. A ranakun idi kuma takan bar matan su saki gashi, su yafa farin siliki, su sa kambi da zobba na zinariya. Wata shugabar masu zuhudu, mai suna Tenkswind, ta rubuto mata wasiƙa cikin ladabi mai yaji, tana tuna mata cewa Almasihu masunta da talakawa ya zaɓa. Hildegard ta amsa cewa ba a haɗa shanu da jakuna da tumaki a garke ɗaya. Amsar ba ta yi kyau ba, ta nuna ita ma 'yar zamaninta ce. Amma cikin 1165 ta kafa gida na biyu a Aibingen, a hayin kogin, ta riƙa haye Rayin da kwalekwale sau biyu a mako don ta duba su, alhali ta kusa shekara saba'in.

Tsoron manya kuwa ba ta san shi ba. Wasiƙunta da suka rage sun kusa 400, zuwa ga Paparoma, da sarakuna, da limamai, da talakawa. Sarkin sarakunan Jamus, Firedarik mai Jan Gemu, ya ba gidanta takardar kariya cikin 1163, amma da ya ci gaba da naɗa nasa Paparoma don ya yi gāba da na Rum, ta rubuta masa cewa yana yin abu kamar yaro mara hankali. Bayan ta wuce shekara sittin ta yi tafiye-tafiyen wa'azi, a doki da jirgin ruwa, har biranen Trier da Kolon, ta tsaya gaban jama'a tana tsawata wa limamai saboda ragwanci da son dukiya. A zamanin ba a saba jin mace tana wa'azi a fili ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo mata a ƙarshe, tana da shekara 80. Cikin 1178 aka binne wani ɗan manya a maƙabartar gidanta. Mutumin nan an taɓa yanke shi daga jama'ar coci saboda wani laifi, wanda aka yi wa haka kuwa ba a binne shi a tsattsarkan wuri. Babban limamin Mainz yana Italiya a lokacin. Wakilansa suka aiko da umurni a tone gawar a fitar, in ba haka ba su sa wa gidan takunkumi. Hildegard ta san mutumin ya tuba kafin ya mutu, limami ya karɓi tubarsa, an kuma kawo gawarsa da addu'a a gaban jama'ar gari. Ta ce ba za ta tone wanda Allah ya riga ya karɓa ba. An ba da labari cewa ta fita da sandarta, ta sa wa kabarin albarka, ta sa aka baje alamunsa don kada wani ya gane shi.

Sai takunkumi ya sauka. Aka hana su cin Jibin Ubangiji, aka hana su rera waƙa. Sai dai su rufe ƙofa, su karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Ku duba nauyin wannan ga tsohuwar da ta yi kusan shekara saba'in tana rera Zabura kowace rana. Da ta ce a tone kabarin, da ran nan an sakar musu. Ta bi umurnin hana waƙar, gidan ya yi tsit wata da watanni, amma kabarin ba ta taɓa shi ba.

Ta rubuta wa wakilan doguwar wasiƙa, ta kai musu Mainz da kanta. A cikinta ta bayyana abin da ta ɗauki waƙa. Ta ce kafin Adamu ya yi saɓo muryarsa tana haɗuwa da ta mala'iku wajen yabon Allah, da ya faɗi sai ya rasa wannan daɗin murya. Annabawa suka tsara zabura, suka ƙago kayan kiɗa, don mutane su riƙa tuna abin da suka rasa. Ta ce jiki rigar rai ne, rai kuwa yana da murya, don haka ya kamata jiki ya rera tare da shi. Ta yi musu kashedi cewa wanda ya rufe bakin masu yabon Allah ba bisa gaskiya ba, ya yi hattara kada a hana shi jin yabon mala'iku a lahira. Wakilan ba su saurara ba, ta komo gida da hawaye. Sai babban limamin Kolon ya zo Mainz da shaidu waɗanda suka tabbatar mamacin ya tuba. Aka ɗage takunkumin, sa'an nan takarda ta zo daga Italiya aka mai da shi. Ta sake rubutawa zuwa ga babban limamin Mainz can inda yake. Cikin Maris, 1179, ya amsa, ya yarda a saki gidan. Matan suka buɗe ƙofa suka rera waƙa, mamacin kuwa yana nan inda aka sa shi.

Wata shida ta yi bayan wannan. Ta rasu ran 17 ga Satumba, 1179, tana da shekara 81. Matan gidan suka ce a daren sun ga haske biyu sun gitta juna a sama bisa ɗakinta.

Gidan Dutsen Rupert ya daɗe bayanta, har sojan Suwidin suka ƙone shi cikin 1632, lokacin Yaƙin Shekara Talatin. Matan suka tsira da ƙasusuwanta da littattafanta zuwa Aibingen. Ɗaya daga cikin littattafan, wanda aka tattara yawancin rubutunta da waƙoƙinta a ciki, nauyinsa ya kai kilo 15, yana ajiye a birnin Wiesbaden. Wani kwafin Scivias mai zane-zane masu launi ya ɓace cikin 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, amma Allah ya sa matan Aibingen sun riga sun kwafe shi da hannu bisa fata tsakanin 1927 da 1933. Waƙoƙinta sun yi ɗaruruwan shekaru kusan ba mai rera su, sai cikin 1982 waɗansu mawaƙa a Ingila suka fitar da su a faifai, mutane suka yi ta saye, daga nan suka bazu cikin duniya. Cikin 2012 Paparoma Benedik na 16 ya tabbatar da ita cikin waliyyan cocin Katolika, ya kuma sa ta cikin manyan malamansa, ita ce mace ta huɗu da ta sami wannan matsayi. A bisa tudun Aibingen akwai sabon gidan zuhudu mai sunanta, wanda aka gina tsakanin 1900 da 1904. Matan da ke ciki suna noman inabi, suna karɓar baƙi, suna kuma taruwa kowace rana su rera Zabura da harshen Latin.